Kurakuran da aka fi yi wajen kallon tashoshin gida a na'urar intanet

Ranar da na kai wa kawuna Mi TV Stick, 'yar na'urar da ake jonawa a talabijin don kallo ta intanet, bayan ya gaji da biyan kuɗin dikoda duk wata, ya jujjuya ta a tafin hannunsa ya ce, "To ɗan nan, ina ake ɗaura mata eriya?" Na ce, "Kawu, ai ba ta da eriya, da intanet take aiki." Tambayar nan tasa ita ce tushen yawancin kurakuran da nake gani a gidaje.

Ko Fire TV Stick ce, ko Chromecast, ko akwatin Android na yau da kullum, babu wadda ke kama tasha daga iska. Tashar da ba ta saka shirinta a intanet ba, ko za ka kwana kana lalube ba za ka same ta ba. Channels TV da Arise News da TVC suna watsa labaransu kai tsaye a YouTube, Arewa24 kuma tana da manhajarta. Amma tashar jiharku wataƙila sai lokacin labarai ko wani babban taro za ta leƙo Facebook. Saboda haka kada ka jefar da eriyarka. Ka bar ta a kan rufi don NTA da tashar jiha, na'urar kuma ta zauna a ramin HDMI, wato inda ake jona ta a jikin talabijin, ka riƙa sauyawa da rimot. Wannan ne tsarin da na fi yarda da shi, domin eriya ba ta cin ko kwabo.

Sai batun data, inda aka fi shan wuya. Mutum ya tsere wa kuɗin wata, ya dawo yana kashe ninkinsa wajen sayen data. Na'urar da kanta take zaɓar hoto mafi kyau da sabis zai iya ɗauka, kuma a 1080p, wato hoto mai kyau sosai, awa ɗaya tana iya lashe gigabayit 2 zuwa 3. A 480p, wato hoton da bai kai wancan kyau ba, ba ta kai gigabayit 1 ba. Mai karanta labarai a zaune yake, me za ka yi da ganin zaren hularsa? Idan shiri ya fara, ka shiga saitin hoton ka sauke shi, kuma ka sake dubawa duk lokacin da ka buɗe wani, don yakan koma yadda yake. A gidan Kawu, datar da muka yi zaton za ta kai wata ta ƙare cikin kwanaki kaɗan. Da na bincika, ashe yara sukan kashe talabijin su tafi, na'urar kuwa tana can baya a jone da wuta, bidiyo na bin bidiyo. Yanzu sai an fita daga manhajar kafin a kashe, na kuma rufe saitin da ke kunna na gaba da kansa.

Wasu kan jona wayar wutar na'urar a ramin USB na talabijin don gudun neman soket. Wutar wannan ramin sau da yawa ba ta isarta, sai ta riƙa mutuwa tana tashi ana tsaka da kallo, a ce jabu aka sayar musu. Ka yi amfani da kan cajar da ta zo da ita.

Haka ma tsinkewar hoto, ba kullum laifin kamfanin waya ba ne. Na'urar tana maƙale a bayan talabijin, MiFi kuma, wato 'yar na'urar da ke raba intanet a gida, tana uwar ɗaki, bangon siminti biyu a tsakani. Ka matso da MiFi ɗin falo, kusa da taga. In kuwa daga wayarka ake jan intanet ɗin, ka sani kana fita masallaci kallon mutanen gida ya tsaya.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajojin da ake ɗura wa mutane a kasuwa, ana cewa tasha dubu kyauta. Yawanci na sata ne, bayan 'yan makonni sai su daina aiki, kuma a cikin jerin akwai tashoshin da ba za ka so idon yaronka ya faɗa kansu ba. Ko a YouTube ɗin ma akwai masu ɗora tsofaffin labarai su kira su kai tsaye. Ka nemi shafin tashar na ainihi, mai alamar tantancewa kusa da sunan, ka yi rajista da shi don kada ka riƙa nema kullum.

Masu kallon ƙwallo kuma su sa a ransu cewa hoton intanet yakan makara da 'yan daƙiƙu, wani lokaci har ya kusa minti ɗaya. In ka ji maƙwabci mai dish ya yi ihun ci kafin ƙwallo ta iso raga a wurinka, lafiyar na'urarka ƙalau, ba sai ka mayar wa mai shago ba.