Yadda Za Ka Bi da Kunya da Nadama Bayan Ka Yi wa Wani Laifi

Idan ka yi wa mutum laifi, fara da gane abin da yake cin ranka, domin nadama da kunya sukan zo tare amma ba wuri ɗaya suke kai mutum ba. A shekarar 1971 masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, Helen Block Lewis, ta fayyace cewa nadama aikin da aka yi take dubawa, ita kuwa kunya mutumin gaba ɗayansa take yanke wa hukunci.

Ka tambayi kanka: da babu wanda ya sani, shin abin zai ci gaba da damuna? Idan da zai wuce, to idon mutane kake tsoro. A ce ka tona asirin abokinka a gaban jama'a, washegari ka ga kiransa ka kife wayar, ka hango shi daga nesa ka sauya hanya. Wannan aikin kunya ne, kuma binciken wata masaniyar halayyar ɗan Adam, June Tangney, ya nuna cewa waɗanda irinta ta fi rinjaya sun fi saurin fushi da ɗora wa wasu laifi, alhali masu nadama sun fi tausaya wa wanda suka cuta. Ba ina nufin kunyar da take hana mutum aikata mummuna tun farko ba, wannan kam ado ce.

Sai ka ambaci laifin da sunansa, ka ce a ranka, "Na faɗi abin da aka ba ni amana," ka tsaya nan ba tare da ka kira kanka mutumin banza ba.

Daga nan ka je wurin wanda ka yi wa laifin da ƙafarka, ku keɓe. Ka faɗi abin da ka yi dalla-dalla, ka nemi ya yafe maka, kuma kada ka biyo bayan maganar da "amma", domin a ganina uzurin da ake laƙa wa neman afuwa shi ne yake rushe ta. Idan akwai haƙƙin da za a iya mayarwa, na dukiya ko na mutunci, ka mayar. Idan a gaban mutane ka ɓata shi, a gabansu za ka wanke shi.

Yana iya ƙin yafewa a ranar. Kada ka matsa masa, kada kuma ka tura masu ba da baki su takura shi. Ka ba shi lokaci, ka kame bakinka daga sake maimaita maganar ga kowa.