Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura farantin ƙasan inji

Na gaji da kwance aikin da wani ya ɗaura jiya-jiya. Mota za ta shigo gareji tana ɗigar baƙin mai, in shiga ƙarƙashinta, in tarar gam ɗin da ake sawa don tare mai ya tsattsafo ta gefen farantin ƙasan inji, wanda muke kira botom filet, kamar an yi yaɓen katanga. Kuma wanda ya yi aikin gani yake ya kyauta.

Yawan gam shi ne babban laifi, kuma a jikina na koyi wannan. Shekarata ta biyu da buɗe wurina wani direban haya ya kawo Corolla tana yoyo. Irin wannan injin ba shi da fakin a faranti, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin faranti da inji don tare mai, gam kaɗai ke riƙe mai, don haka na matsa shi da kauri don kada mutumin ya dawo da ƙorafi. Mako uku babu ɗigo ko ɗaya. A na huɗu, yana kan hanyar Kano zuwa Zariya, fitilar mai ta kama, kafin ya sami wurin tsayawa inji ya buga. Da aka jawo motar na sauke faranti, sai ga zaren gam kamar taliya ya toshe rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Mital, wato ƙarfen da kuranshaf ke juyawa a kansa, ya ƙone, shi kuma kuranshaf, babban sandan da ke juyawa a cikin inji, ya karce. Ni na biya kayan gyaran, shi kuma ya yi mako biyu motar da yake ciyar da iyali da ita tana ajiye. Har yau abin na ci mini rai.

Abin da yaran gareji ba sa ganewa shi ne, duk gam ɗin da ka ga ya fito waje da ka ɗaure noti, kwatankwacinsa ya faɗa ciki. Na waje za ka goge. Na ciki mai zafi ne zai ɓamɓare shi ya kai shi rariya.

Zare ɗaya ake ja, mai kaurin milimita 3 zuwa 4, ba yankewa, ya bi ta gefen ciki na ramukan noti, wato ɓangaren da mai yake. Kada ka baje shi da yatsa. Littafin Toyota na injin waccan Corollar ya ce a ɗaura cikin minti 3 da matsa gam, a kuma jira aƙalla awa 2 kafin a zuba mai. Ni kwana nake bari ya yi. Mai mota ya yi ta gunaguni, ban damu ba.

Kuma gam ba ya kama wurin da ke da maiƙo. Bayan an sauke faranti mai yakan ci gaba da gangarowa daga cikin inji, ya jiƙa bakin da ka goge ɗazu. Ka bar shi ya tsane, ka kankare tsohon gam tas, ka goge da tina da tsumma mai tsabta, sannan ka sake dubawa dab da za ka ɗaura. Wanda na kama yana kankare bakin alminiyam da sukudireba, ranar ba zai sake taɓa aikin ba, domin kowane karce hanyar mai ce.

Sai ɗaurin ƙarfi. Kai yaro, wa ya ce maka ƙarfin damtse ne ke tsayar da yoyo? Waɗannan ƙananan notuna masu kan sifana 10, awon ƙarfin ɗaurinsu a wannan injin nutan-mita 9 ne kacal, abin da wuyan hannu kaɗai zai bayar. Idan ka wuce haka, faranti na ƙarfe yakan lotsa a bakin kowane rami, tsakanin noti da noti ya ɗage, mai ya sami hanya. A alminiyam kuwa zaren ramin ne zai cinye, aikin awa ɗaya ya koma na yini. Sa dukkan notunan da hannu tukuna, ka fara ɗaurewa daga tsakiya kana tsallakawa gefe da gefe, zagaye biyu ko uku. Tsohon faranti kuma ka ɗora bakinsa a kan ƙarfe mai lebur, ka daddaɓe inda ya lotsa da ƙaramar guduma kafin komai.

Injin da ke da fakin na roba a bushe nake sa masa, sai ɗan ɗigon gam a mahaɗar murfin gaba da ta baya. Wasu suna shafe shi duka, ni ba na yi, sulɓewa yake yi.

Washar notin juye mai sabuwa ake sawa. Notunan wasu injina ba tsayinsu ɗaya ba, ka jera su yadda ka cire. Farantin da dutse ya loɓa daga ƙasa yakan matse bakin rariya, a miƙe shi ko a canza.

Kafin ma ka kwance noti ɗaya, wanke injin ka tayar da shi ka duba da tocila. Mai ƙasa yake gangarowa, kuma sau da yawa farantin da ake zargi lafiyarsa ƙalau, yoyon daga murfin saman inji yake, ko daga sil ɗin bayan kuranshaf, wato zoben robar da ke tare mai, can wajen giya.