Kurakuran da ke cinye ribar mai ajiyar hatsi, da yadda ake gyara su

Kowace kaka lissafin ɗaya ne. Masara ta karye a Saminaka da Dandume, wake ya cika Dawanau, sai mai ɗan jari ya ce bari ya saya ya jibge a sito, in damina ta faɗi ya fitar. Tunanin ba laifi, domin a yawancin shekaru farashi yana hawa tsakanin Nuwamba da Agusta, lokacin da rumbunan ƙauye suka yi ƙasa. Matsalar ita ce ratar da ke tsakanin kuɗin saye da kuɗin sayarwa ba ita ce riba ba. Laima tana da kasonta a ciki, ƙwari suna da nasu, jarin da ya kwanta wata shida ma yana da nasa. Yawancin asarar kuma tun a makon farko ake ƙulla ta, kafin a ɗaure bakin buhu.

Sayen ruwa da kuɗin hatsi

Wanda ya yi gaggawar saye a farkon kaka, ruwa yake saye ba tare da ya sani ba. Masarar da aka sussuke da wuri tana iya ɗauke da laima kashi 18 cikin 100 ko fiye, alhali wadda za ta jure ajiya ba ta wuce kashi 13. Lissafin raguwar mai sauƙi ne. A cire laimar farko daga 100, a cire ta ƙarshe daga 100, a raba na farko da na biyu. Wato 82 a raba da 87, sai a ninka da nauyin buhun. Buhu mai kilo 100 zai dawo kilo 94 da ɗan ɗoriya. A buhu 100 an biya kuɗin kusan buhu 6 da iska za ta kwashe. Wannan idan hatsin ya bushe lafiya kenan. Idan aka ɗaure shi da laimarsa, zai yi zafi a tsakiyar buhu, ya yi fumfuna, ya dunƙule.

Cizawa da haƙori tana taimakawa, amma tana yaudara, musamman da sanyin safiya. Wanda ba shi da na'urar awon laima ya yi gwajin gishiri. A soya gishiri a kasko ko a shanya shi ya bushe ƙayau. A samu kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, a zuba hatsi ya kai kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a ƙara gishiri cokali biyu zuwa uku, a girgiza na minti ɗaya, a ajiye minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, laimar ta haura kashi 15, sai a mayar da hatsin shanya. In bai manne ba, an sauko ƙasa da 15 ne kawai, ba lallai an kai 13 ba, don haka a ƙara shanyar kwana ɗaya ko biyu. A ɗebo samfur daga tsakiya da gindin buhu, saboda na sama kullum ya fi bushewa, kuma mai sayarwa ya san haka.

Shanya a kan tamfol ko daɓen siminti ake yi. Shanya a tsurar ƙasa ko a bakin kwalta tana kawo tsakuwa da yashi, tana kuma buɗe wa fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin hanya. Wannan guba ta fi kama masara da gyaɗa, dafuwa ba ta kashe ta, tana lalata hanta. A 2004 ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya sanadiyyar masarar da aka ajiye da laima. Ta fuskar kasuwa kuwa, manyan kamfanonin abincin kaji da na sarrafa abinci suna gwadawa, suna kuma mayar da mota guda in ta faɗi gwaji. Manomin da ke noma abin da zai ajiye da kansa yana iya fara kariya tun daga gona da Aflasafe, maganin rage wannan guba da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar: kilo 10 a hekta ɗaya, a watsa mako biyu zuwa uku kafin amfanin ya yi fure.

Fiya-fiya da ƙwayar gas

Nan ne aka fi ɓarna, kuma ɓarnar ta wuce aljihun mai kaya. Wake yana shigowa daga gona da ƙwarinsa. Ƙwaron yana yin ƙwai tun waken yana cikin kwanso, kuma a lokacin zafi cikin mako uku zuwa huɗu wani sabon zubi ya ƙyanƙyashe. Ɗigon fari-fari da ake gani manne a jikin ƙwayar wake, ƙwai ne. Buhun da ya yi kama da lafiyayye a Nuwamba yana iya zama gari da huda kafin Maris. Tsoron haka ke sa mutane su yayyafa Sniper ko fiya-fiya kai tsaye a kan wake. Sinadarin da ke cikinsu, dichlorvos, ba a yi shi don a cuɗa da abincin da za a ci ba. Saboda ragowarsa ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da busasshen wake daga Najeriya a 2015, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. Ganganci a sito ɗaya ya rufe wa ƙasa guda kasuwa. A gida ma mai saye da ya san kaya yana sansana hannunsa bayan ya ɗiba, in ya ji wari ya rage kuɗi ko ya wuce.

Ƙwayar Phostoxin da danginta halattacciya ce, amma yawanci ba a amfani da ita yadda ya kamata. Kowace ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar gas mai guba idan ta sha laimar iska. Gas ɗin ne ke kisa, kuma sai an tsare shi tare da hatsin na aƙalla kwana biyar zuwa bakwai kafin ya kai ga ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwaya. Wanda ya jefa ƙwaya a buhun saƙa mara leda, gas ɗin zai tsere cikin sa'o'i, ya kashe manyan ƙwari, ya bar ƙwai, ya kuma bar masu taurin rai su hayayyafa. Haka ake samun ƙwarin da magani ya daina ci. Gyaran shi ne a lulluɓe tarin buhunan da tamfol mara huda, a danne gefensa da buhunan yashi, a ɗora ƙwayoyin a faranti ko a ƙunshe su a takarda don tokarsu kada ta gauraya da hatsi, a bi adadin da aka rubuta a jikin gwangwani bisa nauyin tan, ba bisa ƙiyasin ido ba. Kada a taɓa yin wannan a ɗakin da ake kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango ko rufi da shi. An rasa rayuka ta wannan hanya. A tuna kuma gas ba ya barin kariya: ranar da aka yaye tamfol, sabon ƙwaro yana iya shiga.

Ga mai buhu 5 ko 50, hanyar da ta fi sauƙi da aminci ita ce buhun da ba ya shan iska, irin PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro daga binciken da aka fara a arewacin Kamaru, aka kuma baza shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Hawa uku ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ƙwarin da ke ciki su ne ke shanye iskar da ta rage, sai su mutu. Ba a sa masa magani ko kaɗan.

Masu cewa sun gwada bai yi ba, in aka bincika, ɗaya daga cikin abubuwa kaɗan ne ya faru. Ko dai ba su duba ledar ba kafin zubi. Ana cika kowace leda da iska, a riƙe bakinta, a matsa, in ta sace to akwai huda. Ko sun haɗa bakin ledoji biyun da na buhun sun ɗaure lokaci guda, alhali kowanne daban ake matse iskarsa, a murɗe wuyan, a lanƙwasa, a ɗaure da igiya ko roba. Ko ba su sheƙe hatsin ba, guntun totuwa ko kara ya tsaga ledar daga ciki. Ko suna buɗewa duk mako don ɗibar na tuwo. Abincin gida a ware masa nasa mazubin. Mafi muni shi ne zuba ɗanyen hatsi, domin ledar da ta hana iska shiga ta hana laima fita, sai kayan su yi tsami. Hatsin da aka kwaso daga rana a bar shi ya huce a inuwa tukuna. In an kula da buhun yana iya yin kaka uku, a nan ne tsadarsa ke narkewa.

Sito kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. A share shi, a ƙone sharar bara, a toshe ramukan ɓera. Buhu ya hau katako, kada ya taɓa ƙasa, a bar aƙalla rabin mita tsakaninsa da bango don mutum ya iya zagayawa. Sabon hatsi kada ya kwana kusa da tsoho. Ɓera ɗaya ya isa ya mayar da buhun leda buhun banza.

Lissafin da ba a yi

Ɗauki misali, da alƙaluman da kowa zai maye da na kasuwarsu. An sayi buhun masara naira 40,000. Buhun ajiya 3,000, a raba kaka uku, 1,000. Dako, lodi da mota 1,500. Hayar sito 300 a wata, wata shida 1,800. Raguwar nauyi kashi 5 cikin 100, 2,000. La'ada da kuɗin kasuwa 700. Sai abin da aka fi mantawa, wato kuɗin jari. In bashi ne mai kashi 3 cikin 100 a wata, wata shida ya ci 7,200. Jimla 54,200. Wanda ya sayar a 52,000 zai koma gida yana murnar ribar 12,000, alhali ya faɗi 2,200 a kowane buhu. A wannan misali sai farashi ya hau sama da kashi 35 cikin 100 kafin uwar kuɗi ta dawo.

Mai cewa kuɗinsa ne ba bashi ba, bai tsira daga wannan layin ba. Kuɗin da ya kwanta a buhu da yana iya juyawa a kiwo ko noman rani, kuma hauhawar farashi tana cin sa a kwance. A Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan shekara, hawan kashi 15 cikin wata shida ba ƙaruwa ba ce, naira ce ta rage daraja. Ma'auni mai kyau shi ne a tambayi kai: buhun taki nawa wannan masara za ta saya yau, nawa za ta saya ranar da aka sayar?

A yi ciniki da sikeli. Buhun da ake kira mai kilo 100, ko mai kwano 40, ya danganta da kwanon wa da hannun wa. Saye da toron awo a ƙauye, sayarwa da sikeli ga kamfani, ko akasin haka, yana iya juya lissafi gaba ɗaya.

Ɗaukar cewa kowace shekara sai ya hau

Bara ba ta yi wa bana alkawari ba. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, shinkafa da wake na kwana 150. Waɗanda suka tara hatsi da tsada a kakar 2024 suna jiran damina, da yawansu sun ga farashi yana sauka a 2025 maimakon hawa. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar sun hana fitar da hatsi zuwa yawancin ƙasashe, abin da ya shafi duk mai lissafinsa ya dogara da hanyar Maraɗi ko Maigatari. A Fabrairun 2024 kuma hukumar yaƙi da rashawa ta jihar Kano ta rufe wasu manyan sito a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Babu mai ajiya da zai iya hango irin waɗannan, abin da ke hannunsa shi ne kada ya ɗora komai a kan rana guda.

Tun ranar saye a rubuta farashin mayar da uwar kuɗi, a rubuta farashin da in an kai shi za a fara saki. A raba kayan uku: kaso ɗaya ya fita da zarar an wuce uwar kuɗi da riba mai ma'ana, na biyu a farkon damina, na uku ne kaɗai za a yi dogon jira da shi. Masara kada ta kai lokacin da sabuwa ta fara shigowa daga kudu da tsakiyar ƙasa wajen Yuli zuwa Agusta, domin daga nan tsohuwa ba ta da ƙarfin ciniki. Kuma kada jari ya tafi kan hatsi iri ɗaya. Wake, dawa da masara ba sa tafiya tare kullum.

Ƙaramin manomi kuskurensa kishiyar wannan ne: yana sayarwa a kaka saboda bashi da hidima, ya dawo yana sayen abincin da ya noma da tsada a Agusta. A Nijar an daɗe ana rage wannan da tsarin jinginar hatsi. Ƙungiyar manoma ta tara amfaninta a sito guda mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun ba da rance. Ana ba kowa rancen da bai kai darajar hatsinsa a farashin kaka ba, ya yi sana'ar rani da shi, ya biya bayan wata biyar ko shida, sannan a buɗe sito. Inda tsarin ke lalacewa shi ne in rancen ya makara har manomi ya riga ya sayar, ko in an karɓi hatsi ba a gwada laimarsa ba, buhun mutum ɗaya ya ɓata na sauran. Don haka kwamitin karɓa ya auna kowane buhu a sikeli, ya yi masa gwajin gishiri a gaban mai shi, ya rubuta suna da nauyi a jikin buhu da cikin littafi kafin a rufe kwaɗo.