Yadda ake rubuta tarihin ɗan wasan gaba na farkon rugbi mai mutum 13

Duk wanda zai rubuta tarihin ɗan wasan rugbi, wato wasan da ake gudu da ƙwallo a hannu, domin masu karatu a Damagaram, inda ƙwallon ƙafa da kokawa suka cika hirar fada, ya kamata ya fara tantance shekarun da mutumin ya buga wasa, domin dokokin sun yi ta sauyawa. A ranar 29 ga Agusta 1895 ne ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle daga hukumar rugbi ta ƙasar a garin Huddersfield, saboda an hana su biyan leburorin masaƙu da na ma'adinan kwal kuɗin yinin aikin da suke rasawa idan sun je wasa. Sai a 1906 aka rage ƴan wasa daga 15 zuwa 13, kuma ƴan gaba ne aka rage, daga takwas zuwa shida. Saboda haka wanda ya buga a 1900 da wanda ya buga a 1912 ba aiki ɗaya suka yi ba.

Kada a auna ɗan gaba da yawan maki. Aikinsa shi ne turereniya, inda ake sunkuyawa a haɗa kafaɗa da abokan hamayya, da kuma kayar da mai ƙwallo, ayyukan da jaridun lokacin ba su cika ƙirgawa ba. Abin da ya dace a ƙirga shi ne yawan wasanni da shekarun da jikinsa ya jure, tare da ware wasannin lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya daga 1915 zuwa 1918, waɗanda ba na gasa ba ne.

Douglas Clark misali ne da mai sauraro a Zinder zai gane nan take, domin ɗan kokawa ne kafin komai. An haife shi a 1891 a yankin Cumberland na arewacin Ingila, ya yi dakon kwal yana yaro, ya shiga ƙungiyar Huddersfield a 1909, ya buga mata wasanni 485, kuma yana cikin waɗanda suka lashe kofuna huɗu a kakar 1914 zuwa 1915. Ga wani wasa da ya dace marubuci ya daɗe a kansa. A wasan da Birtaniya ta doke Ostareliya da maki 14 da 6 a Sydney a Yulin 1914, Clark ya karye a babban yatsa, kafaɗarsa ta goce, kuma a wancan zamani ba a sauya wanda ya ji rauni. Wanda ya taɓa ganin ɗan kokawa ya miƙe a fili yana riƙe da kafaɗa, makaɗa na zuga shi, ba ya buƙatar dogon bayani.

A ƙarshe a binciki sana'arsa ta yini da abin da ya faru da shi a yaƙi. Clark ya ji munanan raunuka a fagen daga a 1917, amma ya dawo fili, har ya sake tafiya Ostareliya da tawagar Birtaniya a 1920.