"Stranger" ko "more stranger"? Inda ake tuntuɓe wajen kwatanta abin mamaki da Turanci

A Hausa kalma ɗaya ce ke ɗaukar nauyin kwatanci, wato "fi". Labarin nan ya fi wancan ban mamaki, shi ke nan. Turanci kuwa abu biyu yake nema: alama a jikin sifa, sannan "than" a bayanta. A nan ɗalibanmu kan yi asarar maki, har a jarrabawar WAEC da NECO.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne barin sifar yadda take: "This story is strange than that one." Mai rubutun ya ɗauka "than" ita ce "fi", alhali "-er" ko "more" ne ke yin wannan aikin. Daidai shi ne "stranger than that one". Wasu kuma don gudun wannan sai su ɗora biyun gaba ɗaya, su ce "more stranger". Alama ɗaya ta isa.

To wacce za a zaɓa? A ƙirga gaɓoɓin kalmar. "Strange" gaɓa ɗaya ce, kuma tun da ta ƙare da "e", "r" kawai za a ƙara. "Odd" da "weird" ma gaɓa ɗaya ce, sai a ƙara musu "-er" su zama "odder" da "weirder". "Unusual" gaɓa huɗu ce, don haka sai "more unusual". "Peculiar" da "bizarre" ma "more" suke ɗauka. Ana jin "more strange" a bakin Turawa, amma a rubutun jarrabawa "stranger" ta fi aminci.

Idan ana son ƙarfafa magana, "very" ba ta shiga nan. A ce "much stranger", "far more unusual" ko "even stranger".

Akwai wani tarko da ya fi kama Bahaushe. "Stranger" suna ce kuma, mutumin da ba ka sani ba. "He is a stranger" na nufin ba a san shi ba, "He is stranger than his brother" kuwa na nufin halinsa ya fi na ɗan'uwansa ban mamaki. Ƙaramar "a" ɗin nan ce ta raba su. Sannan mu "baƙo" muke cewa ko wanda muka shimfiɗa wa tabarma ne, amma a Turanci wannan "guest" ne ko "visitor". Ka kira surukinka "stranger", ka yi masa rashin kunya ba ka sani ba.

A kula da rubutu ma: "than" ta kwatanci ce, "then" kuwa "sannan" take nufi.