Yadda Malami Zai Koya wa Ɗaliban Likitancin Haƙori Kyautata Mu'amala da Majinyata

Majinyacin da ya hau kujerar likitan haƙori yana cikin wani hali da ba kasafai ake samunsa a sauran sassan asibiti ba. An kwantar da shi rigingine, an haska masa fitila a fuska, kuma da zarar ya buɗe baki an sa masa ƙarafa, ba shi da damar yin magana ko tambaya. Saboda haka duk wata yarda da za a gina tsakaninsa da mai yi masa aiki dole ne a gina ta kafin a buɗe bakin. Wannan ɗan lokaci na farko shi ne ya kamata malami ya fi mayar da hankali a kai, domin ɗalibin da ya ƙware a ciko da cire haƙori amma bai iya waɗannan mintuna ba, zai riƙa ganin majinyata suna zuwa sau ɗaya ba su dawo ba.

Malami ya fara da gyara abin da tsarin karatu ke cusa wa ɗalibi ba da gangan ba. A yawancin makarantu ana ƙayyade wa ɗalibi adadin cikon da zai yi da adadin haƙoran da zai cire kafin a bar shi ya zauna jarrabawa, kuma wannan matsin yana sa shi kallon majinyaci a matsayin hanyar cike gurbi a littafinsa. Maganin abin yana cikin yadda ake gabatar da majinyaci ga malami. Idan ɗalibi ya fara da lambar haƙori da girman kogon, a dakatar da shi a tambaye shi ko wane ne mai haƙorin, mene ne sana'arsa, daga ina ya zo, kuma mene ne ya fi damun sa a yau. Matar da ta taso daga ƙauye tun asuba ta bar yara a gida ba za a tsara mata zuwa sau huɗu kamar yadda za a tsara wa ma'aikacin da ke zaune kusa da asibiti ba, kuma ɗalibin da bai tambaya ba, ba zai san haka ba.

Daga nan sai a koyar da gaisuwa da zama, kuma kada a raina su. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, alhali ɗalibin haƙori fuskarsa a rufe take da takunkumi da tabarau mafi yawan yini. A horar da shi ya sauke takunkumin ya gaisa, ya faɗi sunansa, ya kuma faɗi gaskiya cewa shi ɗalibi ne da malami ke kula da aikinsa. Ya kira dattijo Baba ko Malam, ya kira dattijuwa Mama ko Hajiya, ya zauna daidai da majinyaci yayin da kujerar take a miƙe, domin ba daidai ba ne a ɗauki tarihin ciwon mutum yana kwance ana tsaye a kansa. Idan ɗalibi namiji ne majinyaciya kuma mace, a tabbata akwai ma'aikaciya ko 'yar rakiya a wurin, a kuma nemi izini kafin a taɓa fuska ko a gyara mayafi.

Sauraro ya fi komai wuyar koyarwa. A wani bincike da Beckman da Frankel suka wallafa a Amurka a 1984, an ga cewa likitoci suna katse majinyaci bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa, kuma kashi 23 cikin ɗari ne kawai na majinyatan suka samu kammala abin da suka fara faɗa. Ba a kan likitocin haƙori aka yi binciken ba, amma duk wanda ya tsaya a asibitin koyarwa ya san halin ɗaya ne. Malami ya ba ɗalibi aiki bayyananne: ya yi tambaya buɗaɗɗiya, kamar “Baba, me ke tafe da kai yau?”, sannan ya yi shiru har majinyaci ya kai aya, daga baya ya maimaita abin da ya ji a taƙaice don a tabbatar masa. A cikin wannan shirun ne mutum zai faɗi cewa ya kwana uku yana shan maganin kashe zafi daga kemis, ko ya sa wani ƙulli na gargajiya a kogon, ko yana ganin tsutsa ce ke cin haƙorin. A gargaɗi ɗalibi kada ya yi dariya ko faɗa a kan irin wannan, domin wanda aka kunyata sau ɗaya zai ɓoye hawan jininsa ko ciwon sukarinsa a tambaya ta gaba, kuma waɗannan su ne abubuwan da likita ke matuƙar bukatar sani kafin ya yi allura ko ya cire haƙori.

Akwai tsarin da malami zai iya jingina da shi don kada koyarwar ta zama nasiha kawai. Jagorar Calgary-Cambridge, wadda Kurtz da Silverman suka fara fitarwa a 1996, ta raba ganawa da majinyaci zuwa buɗewa, tattara bayani, dubawa, bayani da tsara magani, da rufewa, tare da gina dangantaka a kowane mataki. Amfaninta shi ne tana ba malami abin da zai nuna da yatsa. Maimakon ya ce wa ɗalibi “ka riƙa sakin fuska”, sai ya ce masa ya katse majinyaci sau biyu, kuma bai tambaye shi abin da yake tsoro ba.

Tsoro kuwa yana bukatar darasi nasa. Akwai ma'aunin fargabar haƙori da Humphris da abokan aikinsa suka gyara a 1995, mai tambayoyi biyar kacal, inda maki ke kamawa daga 5 zuwa 25, kuma wanda ya kai 19 ana ɗaukar sa mai tsananin tsoro. Ko ba a yi amfani da takardar ba, ɗalibi ya saba tambayar majinyaci ko an taɓa yi masa aikin haƙori da yadda ya ji. Ya kulla yarjejeniya da shi cewa idan ya ɗaga hannun hagu za a tsaya, kuma idan ya ɗaga a tsaya ɗin nan take, ko da saura kaɗan a gama. Kada ɗalibi ya ce “babu zafi ko kaɗan” alhali allura tana tafe. Ya ce za a ji ɗan tsini na wasu daƙiƙu, sannan leɓe ya yi nauyi, kuma a lokacin cirewa za a ji dannawa amma bai kamata a ji zafi ba. Ga yara, hanyar faɗa, nuna, sannan aikata, wadda Addelston ya bayyana a 1959, har yau tana aiki: a faɗa wa yaro abin da za a yi, a gwada na'urar a farcensa, sannan a kai ta baki. A kuma roƙi iyaye su daina tsorata yara da allurar likita a gida.

Batun kuɗi da zaɓi shi ne inda ɗalibai suka fi jin nauyi, don haka a sa su gwada shi tun a aji. Majinyaci yana da haƙƙin sanin cewa ana iya ceton haƙorin da aikin jijiya, wato a cire jijiyar da ke cikinsa a cike wurin, ko kuma a cire haƙorin, da kuɗin kowanne, da yawan zuwan da kowanne ke bukata, tun kafin a fara. Idan ya zaɓi cirewa saboda abin da ke aljihunsa, kada ɗalibi ya nuna masa ya yi wauta. Haka nan a watan azumi wasu kan so a ɗage aiki, kuma a mutunta hakan idan babu gaggawa, amma a bayyana ƙarara cewa kumburin fuska mai zazzaɓi ba ya jira. A ƙarshen ganawa ɗalibi ya nemi majinyaci ya maimaita umarnin da bakinsa, wato ya cije audugar na kimanin rabin awa, kada ya kuskure baki a ranar, washegari ya fara da ruwan ɗumi da gishiri. Kunya kan sa mutum ya ce “to” alhali bai gane ba, musamman idan an yi masa bayanin da Turanci. Shi ya sa a makarantu irin na Jami'ar Bayero da ke Kano da Jami'ar Maiduguri ya dace a riƙa yin atisayen da harshen da majinyata ke ji, a kuma koya wa ɗalibi ya kalli majinyaci, ba tafinta ba, idan ana fassara.

Dukkan wannan ba ya shiga jiki da lacca. Tun 1963 Howard Barrows ya fara amfani da mutanen da aka horar su kwaikwayi majinyata a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma makarantar da ba ta da kuɗin ɗaukar 'yan wasa za ta iya amfani da ma'aikatanta ko ɗaliban wani aji. A ɗauki atisayen da waya bisa yardar kowa, ɗalibi ya kalli kansa, ya fara faɗin abin da ya gani kafin malami ya yi magana. A kuma sa kowane ɗalibi ya kwanta a kujerar abokinsa ya duba bakinsa, domin ya san yadda minti goma da baki a buɗe suke. Sannan a saka mu'amala cikin jarrabawar OSCE, wato jarrabawar gwajin aiki da ɗalibi ke bi tasha-tasha ana duba shi, wadda Ronald Harden ya bayyana a Dundee a 1975, a ba ta maki na gaske, tunda ɗalibi ya fi ba da lokacinsa ga abin da zai iya kayar da shi.

Abu mafi nauyi yana wuyan malamin kansa. Idan ya zo duba aiki ya leƙa bakin majinyaci ba tare da sallama ba, ko ya tsawata wa ɗalibi a gaban wanda ke kwance, to ya rushe darasin wata guda, ya kuma jefa majinyaci cikin fargabar cewa an lalata masa haƙori. Malami ya gaida majinyaci da sunansa, ya yi gyaran gaggawa cikin natsuwa, ya ajiye sauran maganar har sai an sallami majinyaci, sannan ya ja ɗalibin gefe su zauna su bi ganawar daga gaisuwa har zuwa sallama.