Yadda nake gwajin ruwan laka a lokacin sanƙarau

Ga ƙannena da suka fara aiki a ɗakin gwaji: in bazara ta kama, za a riƙa kawo muku 'yan kwalabe masu ɗan ruwa da bai cika cokali ba. Ruwan laka ne, wanda likita ya zuƙo da allura daga ƙasan gadon bayan majinyaci. Duk aikin da ke hannunku, ku ajiye shi. Wannan ruwa ba ya jira.

Kada ku kuskura ku sa shi a firji. Ƙwayar Neisseria meningitidis, wadda ta haddasa annobar sanƙarau ta 1996 a Kano da ta 2017 a Zamfara, sanyi na kashe ta, kuma matacciyar ƙwaya ba ta tsiro a farantin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai. Fararen ƙwayoyin jinin da za ku ƙirga su ma narkewa suke yi in an bar kwalba ta zauna. Ku fara aiki kafin awa guda ta cika.

Da farko ku ɗaga kwalbar a haske, ku sa takarda mai rubutu a bayanta. Lafiyayyen ruwa garau yake. In rubutun ya ƙi karantuwa, ni a nan take nake aika wa likita cewa ruwa ya gurɓace, ba na jiran sauran gwaji.

Sai shuka. Ku shafa a farantin jini da na cakulan (na jinin da aka ɗumama har ya koma launin cakulan), ku sa a tulun kyandir (tulun da ake kunna kyandir a ciki a rufe), zafi digiri 35 zuwa 37 na Salsiyos, ku duba kashegari. Ana fara shuka ne don kada hannu ya shigar da wata ƙwaya.

Ƙirga na biye, da ruwan da ba a juya a inji ba. A babba mai lafiya, fararen ƙwayoyi ba sa wuce 5 a maikurolita ɗaya. In kun ga ɗaruruwa ko dubbai, galibinsu irin da ake kira nutirofil, bakteriya ce ake zargi. In irin da ake kira limfosait suka fi yawa, a duba bairas, tarin fuka ko naman gwari. Sukari kuwa sai an gwada shi da na jinin majinyacin da aka ɗauka lokaci guda. A mai lafiya yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na jinin. Ya faɗi ƙasa warwas, furotin ya haura, to zargin bakteriya ya ƙara ƙarfi.

Rinin Gram shi ne inda nake so ku natsu, domin da shi da madubin gani kaɗai ƙaramin asibiti zai iya ceton rai. Ku juya ruwan a inji, ku ɗauki abin da ya kwanta, ku bar shi ya bushe da kansa a kan gilashi. Kada ku cika wanki da asiton, sai ya sauya muku launi. Neisseria jaja-jaja take fitowa, bibbiyu suna fuskantar juna kamar ɓarin wake, sau da yawa a cikin farar ƙwayar jinin kanta. Nimokokus, wata ƙwayar da ita ma ke kawo sanƙarau, shuɗi ne mai duhu, bibbiyu masu tsini. Ku zagaya gilashin sosai kafin ku rubuta ba a gani ba, musamman in majinyaci ya riga ya sha magani daga kemis, wanda haka aka fi kawo su.

In mai cutar ƙanjamau ne, ku yi gwajin CrAg, mai gano naman gwarin kiriptokokus. In an daɗe ana ciwon kai da rama, a tura GeneXpert, na'urar gwajin tarin fuka.

Abin da ya rage ba na zubarwa ba ne. Ku zuba mili ɗaya a kwalbar Trans-Isolate, mai riƙe ƙwayar da rai a hanya, bayan ta huce daga sanyi, wani kuma a bututun PCR, gwajin gano ƙwayar ta ƙwayoyin halittarta, shi kam ana sanyaya shi. A Najeriya ana aikawa babban ɗakin gwajin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, a Abuja, a Nijar kuma cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai. Can ne ake tantance rukunin ƙwayar, A ne ko C ko W ko X, kuma da wannan ake sanin rigakafin da za a kai gari. Fom ɗin ya ɗauki suna, shekaru, ƙauye da ranar da aka ɗebi ruwan, a rubuce yadda kowa zai iya karantawa.